Sunan da Na Laƙaba wa Kawu

Ranar Talata da hantsi muka kai Kawu makwancinsa. Ƙanin mahaifiyata ne, autan ɗakinsu, shekara biyar kawai ya ba ni. Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Allah ya ba shi hutun da mu muka hana shi a duniya.

An shimfiɗa tabarmin makoki a ƙofar gidansa a Runjin Sambo, ƙarƙashin darbejiya. Ina zaune a sahun gaba, don yanzu ni ne babba a dangi. Can wani tsoho mai nauyin kunne ya iso da sandarsa, ya yi sallama, ya tambaya da ƙarfi ko wa aka rasa. Aka faɗa masa sunan Kawu na yanka, ya ce bai san shi ba. Aka faɗi sunan mahaifinsa da garinsu, ya girgiza kai. Sai wani ya sunkuya ya ce masa a kunne, "Sai-Baɗi na." Tsohon ya buɗe baki ya yi dariya kafin ya tuna ya yi salati. Dariyar ta bi tabarma, wasu suka rufe baki da hannun riga, wasu suka duƙar da kai kafaɗunsu na rawa. Wani daga baya ya ce a hankali, "Wanga karo dai bai kai baɗi ba." Na ji, liman ya ji, babban ɗan mamacin da ke zagayawa da butar ruwa shi ma ya ji. Bai dubi mai maganar ba. Ni ya duba.

Da na shiga cikin gida gaisuwa, matar Kawu ta amsa wa kowa da sunansa daga bayan labule. Da ta ji muryata sai ta ce Allah ya ba da lada, ba ta kama sunana ba. Ta yi daidai. Ni na sa wa mijinta wannan suna, a gaban dubban mutane, kusan shekara hamsin da suka wuce. Karatuna bai wuce firamare ba, kuma ban taɓa rubuta abin da ya fi wasiƙa tsawo ba. Amma ina so a san wane ne aka binne ranar Talata, a kuma san wanda ya ɓata shi.

Lokacin da abin ya faru kuɗin mai sun shigo ƙasa, soja ke mulki. An yi wa ma'aikata ƙarin albashi, kowa ya sayi babur da rediyo. Siminti na shigowa Sakkwato mota bayan mota. Akwai wani Alhaji ɗan kwangila mai ofis a Sama Road da ya ga ya mallaki komai sai suna a bakin matasa, sai ya kafa kulob ɗin ƙwallo. Burinsa ɗaya ne, ya ci kulob ɗin barikin soja, waɗanda kowace shekara suke lallasa kowa ba mai iya ɗaga murya. Ni ya ɗauke ni sakatare saboda ina iya haɗa wasiƙar Turanci in an ba ni lokaci. Ya kuma damƙa mini lasifika. Kafin kowace kakar wasa nakan hau bayan akori-kura in zaga gari ina shelar 'yan wasanmu. Da wannan aiki nake ciyar da mahaifiyata da ƙannena.

Na gane da wuri cewa Alhaji ba ya son gaskiya kafin a fara wasa, zumuɗi yake so. Don haka kowace shekara sai na nemo masa abin mamaki. Na kawo wani dogon gola daga ƙetaren iyaka, na shelanta cewa ƙwallo ba ta taɓa wuce shi ba. Ashe ba ya gani daga nesa, sai ƙwallon ta zo kusa yake sanin an buga. Shekarar da ta biyo na kawo wani tela mutumin Gana, na ce ya buga a gaban shugabannin ƙasashe. Gwiwarsa ta daɗe da lalacewa, kuma ba ya iya gudun minti goma saboda taba. Kowannensu ya karɓi sabon babur, kafin wasa na huɗu ya ɓace daga gari. Su sun tsira, don ba nan ne gidansu ba. Alhaji ya kira ni ya ce in aka sake na uku, ni zan bi su.

A wannan shekara ce Kawu ya zo cin rani. Manomin shinkafa ne a fadama, yana dakon buhuna a kasuwar hatsi wajen Ƙofar Atiku, yana kwana a zaurenmu. Wata la'asar ya zo filin da muke atisaye ya kawo mini saƙon mahaifiyata. Ƙwallo ta gangaro ta tsaya a gabansa, aka ce ya turo. Ya ɗaga ƙafa ba takalmi ya buga. Ƙwallon ta ratsa filin, ta haye katanga, muka ji ƙararta a kan kwanon wani shago. Kowa ya tsaya. Shi kuwa sai haƙuri yake bayarwa, yana tsammani ya yi ɓarna. Gwanin langa ne a ƙauye, ƙafarsa kamar taɓarya. Amma bai taɓa shiga wasan mutum goma sha ɗaya da alƙali ba.

Ranar nan na same shi. Ya ce mini shi bai iya ba, kuma damina ta kusa, gona na jiran shi, ga maganar aure da aka tsayar bayan kaka. Ban bar shi ba. Kwana uku ina bin sa. Na faɗa masa babur, na faɗa masa yadda zai shiga garinsu a kai surukansa na kallo. Da ya rasa yadda zai yi da ni sai ya je wurin yayarsa shawara. Mahaifiyata ta ce masa ai ɗanka ne, ba zai kai ka inda za ka ji kunya ba. A kan wannan magana ya yarda.

Ga inda na yi ha'incin, kuma sai ɗan ƙasar nan zai gane shi. Kafin kakar wasa akan buga wasannin gwaji, ni ke shirya su. Sai na kai su duka ƙauyuka. Mukan isa da tsarabar Alhaji, gishiri da sukari da rigunan ƙwallo. Mai gari ya tarbe mu, a dama fura, a yanka kaji, mu ci kwano ɗaya da samarin da za mu kara da su, mu yi sallar la'asar sahu ɗaya. Sannan a fita fili, mai gari na zaune kusa da Alhaji. To wane yaro ne zai kwashe ƙafar baƙon da ya gama cin abinci da shi, mai gari na kallo? 'Yan baya sukan ba Kawu hanya kamar mai kaya a kasuwa. In wani ya yi kuskure ya ture shi, shi zai ɗaga shi ya kakkaɓe masa riga yana neman gafara. Alƙalin kuma malamin makarantar garin ne, ba ya busa wa baƙo satar gida. Kawu ya tsaya bakin raga, a miƙa masa, ya buga, gola ya kauce don ransa. Ni a cikin wannan al'ada na tashi, na san abin da nake kallo. Kulob biyu na cikin birni sun rubuto suna neman wasan gwaji da mu, na ɓoye wasiƙun a ƙarƙashin katifa. Kocinmu, wani dattijon malamin motsa jiki, ya ce mini wannan mutum bai san komai ba sai bugu, a ba shi shekara ya koya. Na je na gaya wa Alhaji cewa hassada ce ke damun koci.

Abin da ya ci a ƙauye sai in ninka shi a lasifika. Na sa masa suna Aradun Rima. Na ɗauko makaɗan kalangu suka yi masa waƙa tun bai buga wasan gasa ko ɗaya ba, yara suka ɗauka, har mata masu daka. Mahauta suna ƙara masa tsoka, masu shayi ba sa karɓar kuɗinsa. Abin da ya fi ci mini rai yanzu shi ne, Kawu ya fara yarda. Tafiyarsa ta canza. Wata safiya yana goge baburinsa ya dube ni yana murmushi ya ce, "Ashe dai na iya, ɗan Yaya." Na ce masa ƙwarai. Ruwan shuka ya sauka, bai koma gida ba, ya aika a ba wani aron gonarsa.

Wasan farko ya faɗo da kulob ɗin bariki. Mutanen garinsu suka cika manyan motoci biyu suka zo da ganguna, har da mahaifin yarinyar da zai aura. Filin ya cika, wasu a kan katanga, wasu a kan bishiya. An saya wa Kawu sabon takalmin ƙwallo, ya matse shi, kuma sau biyu kawai ya taɓa sa shi, don a ƙauye cirewa yake yi ba mai hana shi.

Ba a yi minti biyar ba wani sojan baya ya shigo ya kwashe shi, ya faɗi rub da ciki. Ya tashi ya kakkaɓe jikinsa yana jiran a ba shi haƙuri. Da ya ga sojan ya juya abinsa sai ya bi shi ya miƙa masa hannu ya ce, "Malam, lahiya? Halan mun taɓa ɓatawa?" A bakin layi ne, mutane suka ji. Maganar ta zaga filin daga baki zuwa baki, dariya na bin ta. Daga nan sai usur. Duk inda ya tsaya satar gida ce, shi bai san laifinsa ba, kowane busa sai ya waiwayo yana nemana da ido. Ni kuwa na ɓuya a bayan lasifika.

Bayan hutu aka ba mu fenariti. Wannan kam abinsa ne, ƙwallo a ajiye, ba mai taɓa shi. Filin ya ɗauki waƙar Aradu. Kawu ya zo gaban ƙwallon, ya duba, sai ya zauna a ƙasa ya fara kwance igiyar takalmi. Alƙali ya ce ba a bugawa ba takalmi. Ya roƙe shi don Allah, sau ɗaya tak. Alƙali ya nuna masa agogo. Ya ɗaure, ya miƙe, ya zo da gudu, bakin takalmin ya caki ƙasa. Ƙwallon ta gangara a hankali kamar an turo wa jariri. Golan soja ya taka ta da ƙafa ɗaya, ya ƙame ya sara wa Kawu.

Na dubi rumfar manya na ga fuskar Alhaji. Na tuna abin da ya ce game da na uku. Ban yi dogon tunani ba, kuma ba zan ce shaiɗan ba ne, ni ne. Na ɗaga lasifika na ce, "Jama'a ku yi haƙuri, aradu ba ta sauka bana ba. Sai baɗi." Filin ya fashe. Makaɗan da na ɗauko suka juya waƙar nan take, kiɗa ɗaya, kalmomi sababbi. Har Alhaji sai da ya yi dariya, a nan na san na tsira. Mutanen garinsu suka naɗe gangunansu suka fita tun ba a tashi ba.

Washegari a ofis na ƙara a kan na jiya. A gaban Kawu na ce wa Alhaji Kawun ne ya yaudare ni, ya ce mini ya taɓa buga wa wani kulob a Kaduna. Mutumin da bai taɓa wuce Gusau ba. Kalma ɗaya ta ishe shi ya tona ni. Ya dube ni, ya daɗe yana dubana. Ya san da albashina yayarsa ke cin abinci. Sai ya ciro makullin babur ya ajiye a kan tebur, ya taka da ƙafa daga Sama Road har Ƙofar Atiku, yara na bin sa da waƙa. Ni na ƙara shekara bakwai a wannan aiki. Na hura wasu samarin kamar balan-balan, sun fashe, na nemo wasu.

Auren ya watse, gidan yarinyar suka ce ba za su ba wanda ake waƙa da shi 'yarsu ba. Bai koma ƙauye ba, ko gaisuwar mutuwa sai ya aika. Ya zauna a birni ya ci gaba da dako, daga baya ya samu rumfar awon gero da dawa, ya auri wata 'yar gari, ya gina ɗaki biyu a Runjin Sambo. Sunan bai bar shi ba. Masu saye sukan ce a je rumfar Sai-Baɗi, mudunsa ya fi cika. Da gaske ne, bai taɓa danne mudu ba, bai taɓa haɗa tsohon gero da sabo ba. Amma ko wannan yabon da sunan ake yin sa.

Yana da halaye da duk wanda ya zauna da shi ya sani. Kalmar baɗi ba ta sake fita daga bakinsa ba, sai dai ya ce shekara mai zuwa in da rai. In ƙwallon yara ta gangaro gabansa a lungu yakan tsaya cak, hannu a baya, har ta wuce ko a zo a ɗauka. In aka fara sharhin wasa a rediyon maƙwabcin rumfa sai ya tashi ya tafi alwala ko lokaci bai yi ba. Kuma ba ya yabo, ba ya son a yi. In mai saye ya ce geron nan ya yi kyau, sai ya ce ka dafa tukuna. In baƙo ya ce ɗansa na da ƙoƙari, ransa ya ɓaci, ya ce, "Mi yai maka da za ka yabe shi?" Matarsa ta yi masa girki shekara arba'in da wani abu ba ta taɓa jin ya ce ya yi daɗi ba.

Ba zan mai da shi waliyyi don ya mutu ba. Kawu ya zama mutum mai tsanani, kuma 'ya'yansa ne suka sha. Babban ɗansa, wanda ya dube ni a wurin makoki, ya tashi da ƙwallo a ƙafa. Shi gwanin gaske ne, ni da na yi shekaru ina ƙarya a kan 'yan wasa na san na gaske in na gani. Yana aji shida malaminsu ya zo har gida neman izini a sa shi cikin 'yan wasan makarantu. Kawu ya saurare shi har ya gama, ya raka shi bakin ƙofa. Ya dawo ya ɗauko ƙwallon yaron ya tsaga ta da wuƙa gida biyu, ya kama shi da igiyar guga yana duka har sai da maƙwabta suka haura katanga. Daga ranar ya zaunar da shi a rumfa. Yau keken haya yake tuƙawa, gemunsa ya fara fari. Ɗan kawuna ne, taubashina, a al'ada mu abokan wasa ne. Bai taɓa yi mini wasa ba. Ya taɓa ce mini har yau bai san wanda zai riƙe a zuciya ba, ubansa ko ni.

Alheri ɗaya zan faɗa, cikin masu yawa da bai so a sani. Zamanin da soja suka dawo suna sa mutane bin layi da bulala, ana rabon shinkafa da sabulu a wani shago, na yi wayo na kutsa gaba. Wani soja ya fizgo ni ya ce in kama kunne in yi tsallen kwaɗo daga nan zuwa bakin titi. Na yi ƙiba lokacin, ga ciwon ƙirji. Tsalle uku na faɗi, ya ɗaga bulala. Sai ga Kawu da buhu a ka. Ya sauke, ya ce wa sojan wannan ɗan yayarsa ne, ba shi da lafiya, shi zai yi a madadinsa. Abin ya ba sojan dariya, ya yarda. Kawu ya kama kunnuwansa, magidanci mai 'ya'ya uku, ya fara tsalle. Mutanen layi suka gane shi. Suka ɗauki waƙar nan suna tafi daidai da tsallensa. Ya kai bakin titi ya dawo, ya ɗauki buhunsa, ya raka ni har gida. A ƙofa na fara godiya, ya katse ni ya ce don yayarsa ya yi, ba don ni ba.

Mai hankali da ya tsaya nan. Ni ban tsaya ba. Labarin ranar wasan ya zama abin da ake kirana a majalisa dominsa. Na iya shi, na san inda zan ja murya, na san inda zan dakata a yi dariya. Ana saya mini shayi da tsire a kansa. Bayan rasuwar mahaifiyata, a wani bikin dangi, samari suka ce in ba su. Ina zaune a ƙasa ina kwaikwayon kwance igiyar takalmi, sai na ga dariya ta ɗauke. Kawu na tsaye a bayana. Ranar ce kaɗai na ji ya ɗaga murya. Ya ce wadda ta haɗa mu ta tafi, daga yau ba shi ba ni. Maimakon in durƙusa, sai na ce wasa ne Kawu, shekara nawa, ai kowa ya manta. Ya ce, "Kai ka hana su mancewa." Daga nan sai gaisuwar Sallah, ita ma hannu kawai.

Da daminar bana ciwo ya kwantar da shi. Na yi ta ɗagawa, sai da aka ce ya daina cin abinci na je. Bayan la'asar ne, yana kwance a kan tabarma a tsakar gida, ƙafafun nan sun zama kamar kara. Na durƙusa na ce na zo neman gafara. Ya tambaye ni da me na ɓata shi. Na ce da bakina.

Ya ce, "A'a. Da lasifika."

Ya huta, sannan ya ci gaba. "Ka zo nan cikin gida kana raɗa. Tahi ka hwaɗa inda kas soma. Ka ce na gaya maka ban iya ba. Ka hwaɗi zancen wasiƙun da ka ɓoye."

Ashe koci ya san da wasiƙun, ya gaya masa tun a wancan lokaci. Shekara kusan hamsin yana riƙe da ita. Na yi masa alkawarin Juma'a mai zuwa zan roƙi liman ya ba ni lasifikar masallacin unguwa bayan salla. Juma'ar ta zo, na ce mura ta kama mini murya. Ta biyu aka yi baƙon mai wa'azi, na ce bai dace ba. Ta uku na je har na tsaya kusa da ladan, na ga yawan jama'a, na sa takalmina na fita. Talatar da ta biyo ya cika.

Ranar addu'ar bakwai aka kafa lasifika a ƙofar gidan. Da malamai suka shafa, aka miƙo mini in yi godiya a madadin dangi. Na riƙe, na ce ina da magana. Na faɗi komai. Na faɗi cewa ya ce bai iya ba, na faɗi ƙauyuka da fura, na faɗi wasiƙun da ƙaryar Kaduna. Jama'a suka kasa kunne, na ji kamar ana sauke mini kaya. Amma dole labarin ya bi ta ranar wasan, kuma bakina ya saba da hanyarsa. Ban san lokacin da na ja murya ba. Da na kai inda ya miƙa wa soja hannu, tsohon nan mai nauyin kunne, da ke zaune gindin lasifika, ya fashe da dariya. Tsofaffi suka bi shi. Samarin unguwa kuwa, waɗanda suka taso suna jin sunan ba su san asalinsa ba, ranar suka fara ji. Ina hawaye, su ma suna share nasu na dariya. Wani yaro ya ce a maimaita wurin takalmin. Da aka tashi wani tsohon abokina ya dafa kafaɗata ya ce har yanzu bakin nan yana nan.

Bayan kwana biyu jikokin Kawu suka dawo daga makaranta suna kuka. Duk inda suka bi, yara sai su zauna a ƙasa su kama kwance takalmi.

Shi ya sa na koma ga takarda. Takarda ba ta da muryata, ba ta san inda ake dakatawa a yi dariya ba. Wanda ya karanta ya riƙe wannan. Kawu manomi ne da ya faɗi gaskiya tun farko cewa bai iya ba. Ya rufa wa ɗan yayarsa asiri a ranar da ɗan ya tozarta shi. Ya cika mudu har ya mutu. Abin da ya yi wa 'ya'yansa na tsanani, a raba shi biyu a ɗora mini kashi mafi nauyi. Ya Allah ka yalwata masa kabari, ka kira shi da sunansa na gaskiya a cikin bayinka na gari.

Da na gama rubutun na kai wa babban ɗansa, na same shi yana wanke kekensa a bakin rijiya. Na karanta masa daga farko har nan, bai daina wankin ba. Na tambaye shi ko yana ganin da mahaifinsa na raye zai yafe mini yanzu. Ya matse tsumman, ya shanya a kan kujerar keken.

Ya ce, "Ya ce ka hwaɗa, Yaya, ka kuwa hwaɗa. Sauran sai kun haɗu."

Shekarata saba'in da ɗoriya, ga ciwon ƙirji. Ba zai daɗe yana jirana ba.